Girinlan da Afirka: Littafi ne ke ƙarya ko taswira?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa. Wani ɗalibina ya tsare ni da tambayar da na kasa amsawa yadda ya kamata. A taswirar da ke manne a bangon ajinmu, tsibirin Girinlan ya kusa kai Afirka girma, amma littafinmu ya ce Afirka ta ninka shi sau 14. Yaron ya ce to wa ke ƙarya, littafin ko taswirar? Na kuma sha jin ana cewa da gangan Turawa suka ƙanƙantar da Afirka. Ban da wannan, ko a wayata wani lokaci ɗigon da ke nuna inda nake sai ya tsallaka titi ya tsaya a kan gidan da ban taɓa shiga ba. Shin akwai taswirar da mutum zai dogara da ita gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa ɗalibin nan basira, don irin tambayarsa ce ta haifar da rabin ilimin zana taswira.

Idan na fahimce ka, abu uku kake tambaya: dalilin da girman ƙasashe ke sauyawa a taswira, ko akwai mugun nufi a ciki, da kuma abin da ke sa waya ta kauce wa inda mutum yake tsaye. Na farko da na uku kamar ba su haɗa hanya ba, amma tushensu ɗaya ne. Duk mai son ya mayar da duniya zane ko lambobi sai ya zaɓi abin da zai kiyaye da abin da zai sadaukar, kuma mafi yawan ruɗanin da ake samu yana zuwa ne idan mai karanta taswira bai san zaɓin da mai zanen ya yi ba.

Ka fara gaya wa yaron cewa littafin ne ke da gaskiya. Faɗin Afirka ya kai murabba'in kilomita miliyan 30 da ɗoriya, na Girinlan kuwa miliyan 2 ne da ɗan abin da ya hau. Aljeriya kaɗai ta fi Girinlan faɗi, haka ma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Haka abin yake tsakanin Alaska da Brazil: a irin taswirar bangonku sai ka ga kamar sa'o'in juna ne, alhali Brazil ta kusa ninka Alaska sau 5.

Abin da ya sa takarda ba ta ɗaukar duniya

Ka ɗauki ƙwallon roba ka yanka shi gida biyu, ka ce sai ka kwantar da rabinsa a kan tebur ya shimfiɗu sarai. Ba zai yiwu ba. Ko dai ka tsattsage gefensa, ko ka ja shi har ya miƙe, kuma duk zanen da ke jikinsa sai ya jirkice. Wannan ba gazawar masu zane ba ce da za a ce wata rana fasaha za ta magance. Masanin lissafi Carl Friedrich Gauss ya tabbatar a 1827 cewa fuskar da ke da lanƙwasa irin ta ƙwallo ba ta shimfiɗuwa a kan abu mai faɗi ba tare da tazara ta sauya ba. Saboda haka babu taswirar duniya ta takarda ko ta allon waya da ta kiyaye komai, kuma ba za a taɓa samu ba.

Abubuwan da mai zane ke son kiyayewa huɗu ne: faɗin yanki, siffarsa, tazara, da alƙibla. Biyun farko ba sa zama inuwa ɗaya. Taswirar da ta kiyaye siffa dole ta ɓata faɗi, wadda ta kiyaye faɗi dole ta ɓata siffa. Tazara kuwa ana iya kiyaye ta ne daga wuri ɗaya ko biyu, ko a kan wasu layuka da aka zaɓa, ba ko'ina ba. Kowace dabara ta lissafi da ake bi a kwashe wuraren da ke doron duniya a zuba su a takarda, ita ce zan riƙa kira salon shimfiɗa, kuma akwai ɗaruruwansu.

Taswirar bangonku, bisa bayanin da ka yi, salon Mercator ce. Gerardus Mercator ya fitar da ita a 1569, kuma ba don ɗalibai ya yi ta ba, don matuƙan jirgin ruwa ya yi. Matsalar matuƙi a wancan zamani ita ce yana tsakiyar teku, ba tudu ba alama, abin da ke hannunsa kamfas ne kawai. Yana buƙatar taswirar da zai ja miƙaƙƙen layi daga tashar da ya baro zuwa wadda ya nufa, ya auna kusurwar layin, ya riƙe wannan kusurwa a kamfas har ya isa. Mercator ya ba shi wannan. Daga baya, a 1599, wani Bature ɗan Ingila, Edward Wright, ya wallafa lissafin da ke ƙarƙashin zanen filla-filla.

Ga inda farashin yake. A kan duniya, layukan da suka taso daga arewa zuwa kudu suna matsowa kusa da juna har su haɗu a ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. Mercator ya miƙar da su suka tsaya daura da juna, ba sa haɗuwa. Kewayen duniya a layin ikwaita, wato layin da ya zagaye tsakiyarta, kusan kilomita 40,075 ne, amma a digiri 60 arewa da shi kewayen rabin haka ne. Tunda taswirar ta zana su da tsawo ɗaya, ta ja ƙasar da ke digiri 60 ninki biyu daga gabas zuwa yamma ke nan. Don kada siffa ta lalace, sai aka ƙara ja ta ninki biyu daga kudu zuwa arewa. Biyu sau biyu huɗu, don haka duk yankin da ke digiri 60 yana bayyana da faɗi ninki 4 a kan irinsa da ke ikwaita. A digiri 70 abin ya haura ninki 8, a digiri 80 ya kai ninki 33. Ƙuryar arewa ita kanta ba ta zanuwa ko kaɗan a wannan salo, don lissafin ba ya ƙarewa.

To Girinlan tana kwance ne daga wajen digiri 60 zuwa 83 arewa, wato daidai inda kumburin ya fi tsanani. Afirka kuwa ikwaita ta ratsa ta tsakiya, iyakarta digiri 37 a arewa da kusan 35 a kudu, inda jan bai taka kara ya karya ba. Ba Afirka aka rage ba, sauran ne aka hura. Wannan lissafin ɗalibin sakandare zai iya yi da kansa, kuma ina ganin ya fi kowane dogon bayani gamsarwa.

Batun mugun nufi

A nan zan faɗi ra'ayina kai tsaye. Ban yarda Mercator ya zauna ya ƙulla yadda zai ƙanƙantar da wata nahiya ba. Lissafin bai san Turai ba, bai san Afirka ba, nisa daga ikwaita kawai ya sani. Shi ya sa Antatika, wadda babu mai zama a cikinta dindindin, take fitowa a matsayin ƙatuwar farar shimfiɗa da ta mamaye gindin taswirar gaba ɗaya. Sai dai yadda Allah ya tsara doron ƙasa, mafi yawan tudun da ke nesa da ikwaita a arewa yake: Rasha, Kanada, arewacin Turai. Su ne suka ci ribar kumburin.

Amma masu ƙorafi ba su rasa hujja ba. Laifin yana wuyan waɗanda suka ɗauko kayan aikin matuƙin jirgi suka rataye a azuzuwa da ofisoshi shekara da shekaru, bayan akwai salon da suka fi dacewa tun da daɗewa. Masu buga taswira da yawa kuma sukan yanke Antatika su bar arewa har can sama, sai ikwaita ta sauko ƙasa da tsakiyar takarda, rabin arewa ya cinye mafi yawan fili. Wanda taswira ta fifita ba ya gaggawar gyara ta. Ko wannan yana tasiri a kan yadda yaro ke kallon nahiyarsa, wannan fage ne na masu nazarin halayyar ɗan'adam, ba nawa ba. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne, taswirar da ke koyar da girman da ba daidai ba ba ta dace da darasin girman ƙasashe ba.

Ko ɗora arewa a sama ma zaɓi ne. Taswirar da al-Idrisi ya kammala a 1154 a fadar Sarki Roger na Biyu a Sisili kudu ta sa a sama, kuma ba ta yi kuskure da hakan ba.

An yi yunƙurin gyara. Wanda ya fi yin ƙara shi ne na Arno Peters, ɗan tarihi Bajamushe, wanda a 1973 ya gabatar da taswirar da ke nuna faɗin kowace ƙasa daidai, ya ce ita ce ta adalci. Masu sana'ar zana taswira sun fusata, ɗaya saboda wani limamin coci ɗan Sikotilan, James Gall, ya riga ya fito da wannan salo tun 1855, ɗaya kuma saboda taswirar ta gyara faɗi ne ta lalata siffa. Afirka da Kudancin Amurka sun fito dogaye sirara kamar an ja su ƙasa, yankunan arewa kuma sun baje. An gudu ba a tsira ba. Rigimar ta kai har a 1989 wasu ƙungiyoyin masana labarin ƙasa na Arewacin Amurka suka fitar da matsaya cewa a daina amfani da taswirar duniya mai kusurwa huɗu a harkokin yau da kullum, ko ta Mercator ce ko ta Peters.

Akwai masu bin tsaka-tsaki, waɗanda ba su kiyaye komai ɗari bisa ɗari ba amma ba su ɓata komai da yawa ba. Irin su ne salon Robinson na 1963, da salon Winkel na 1921 wanda ƙungiyar National Geographic ta koma amfani da shi a 1998. A 2018 kuma masana uku, Bojan Šavrič da Tom Patterson da Bernhard Jenny, suka fitar da Equal Earth, wadda ke kiyaye faɗi daidai kuma siffofin nahiyoyi ba su munana ba. A 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan kiran da ake yi na a koma irin wannan taswira. Da ni ne zan zaɓa wa aji taswirar bango, ita zan ɗauka. Duk da haka ka dubi gefunanta, za ka ga Alaska da gabashin Rasha da Niyu Zilan sun karkace. Ita ma ta biya nata kuɗin.

Wani abin da Mercator ke ɓoyewa, wanda ya fi batun girma ban sha'awa a wurina, shi ne gajeriyar hanya. Miƙaƙƙen layi a wannan taswira layin kusurwa ɗaya ne, ba shi ne mafi kusa ba. Hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu a kan ƙwallo ita ce wadda zare zai bi idan ka ɗaure shi a wuraren biyu ka ja shi tam. Shi ya sa jirgin sama daga New York zuwa Tokyo ke haurawa ta wajen Alaska, a taswira ka ga kamar ya yi dogon zagaye alhali yanke ya yi. Haka ma alƙiblar Makka daga New York: mai kallon taswirar bango zai rantse kudu maso gabas ce, amma lissafin ƙwallo ya ce arewa maso gabas ce, wajen digiri 58 daga arewa. Malamai irin su al-Biruni sun yi aiki a kan lissafin alƙibla a fuskar ƙwallo tun ƙarni na 11, ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Mercator.

Dalilin da wayarka ke amfani da Mercator har yanzu

Za ka yi mamaki idan na ce taswirar da ke cikin wayarka ma ɗiyar Mercator ce. Tun da Google Maps ya fito a 2005, kusan duk taswirorin intanet sun bi wani sauƙaƙan nau'insa. An yanke duniya a wajen digiri 85 arewa da kudu don ta zama murabba'i cif, sannan aka rarraba ta ƙananan hotuna, kowane ɗaya ya rabu huɗu idan ka matso. Ba lalaci ya sa suka yi haka ba. Mai neman hanya a cikin gari yana son titunan da suka haɗu a kusurwa madaidaiciya su fito haka a allo, shataletale ya fito a zagaye, arewa ta kasance sama ko'ina. Mercator na ba da wannan a kowane gari na duniya. Kuma a faɗin unguwa ɗaya kumburin iri ɗaya ne a ko'ina, don haka ido ba ya ganinsa. Sai ka ja baya ka hango nahiyoyi sannan aibin ke fitowa, shi ya sa a 2018 Google ya sa taswirarsa ta kwamfuta ta riƙa komawa ƙwallo idan an ja baya sosai.

Inda wannan ke cutarwa a aikinmu na taswira shi ne wajen awo. Sau da yawa akan kawo mini lissafin faɗin daji ko tafki da aka yi a kwamfuta, adadin ya yi yawa fiye da hankali. Da na duba sai in tarar an auna ne kai tsaye a kan taswirar intanet, da manhajar da ba ta gyara kumburin. Kusa da ikwaita kuskuren kaɗan ne har ba a lura, amma a digiri 45 faɗin ya ninka biyu. Don awo akwai tsarin da aka yi domin haka, wanda ya fi yaɗuwa shi ne UTM. Ya raba duniya yanki 60, kowane yanki faɗin digiri 6, ya shimfiɗa kowanne shi kaɗai. Da yake yankin siriri ne, kuskuren tazara a cikinsa bai wuce kusan mita 1 a kowace kilomita ba. Abin dariyar shi ne shi ma lissafin Mercator ne, an dai kwantar da shi a gefe ne.

Ɗigon da ke tsallaka titi

Yanzu ga tambayarka ta uku. Taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, kowanne na zaga duniya sau biyu a rana, kuma an tsara su yadda aƙalla 24 za su kasance suna aiki. Kowanne na ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta aiko da saƙo ɗaya: ga ni a wuri kaza, lokaci kaza. Wayarka ba ta aika musu komai, saurare kawai take yi. Tana duba tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta mayar da shi tazara. Saƙon na tafiya da gudun haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya zama kuskuren mita 300 a ƙasa. Agogon waya bai kai wannan daidaito ba ko kusa. Shi ya sa ake buƙatar taurari huɗu, uku don gano wuri, na huɗu don gyara agogon wayar.

A fili, sama a buɗe, wayar zamani na iya kusantar inda kake da kimanin mita 5. Kafin watan Mayun 2000 ko wannan ba a samu, domin gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula ke karɓa, kuskuren kan kai mita 100. Yau wayoyi da yawa suna haɗawa da taurarin Rasha da na Tarayyar Turai da na Sin, wato GLONASS da Galileo da BeiDou, abin ya ƙara kyau. Amma saƙon na ɗan jinkiri idan yana ratsa saman sararin samaniya, kuma mafi muni, a tsakanin dogayen gine-gine yakan bugi bango ya dawo kafin ya iso wayar. Hanyar ta yi tsawo, wayar ta ɗauka ka fi nisa da tauraron, sai ɗigon ya yi tsalle. A cikin ɗaki kuwa sau da yawa ba taurarin take ji ba sam, tana kintace ne daga turakun sadarwa da na'urorin intanet da ke kewaye. Ka lura da da'irar nan mai haske da ke zagaye da ɗigon. Wayar ce ke gaya maka iyakar saninta, kuma mutane kaɗan ne ke kula da ita.

Wani lokaci kuma ɗigon ne ke daidai, hoton da ke ƙarƙashinsa ne ya goce. Hoton da aka ɗauka daga sama sai an gyara shi an ɗora shi a mazauninsa, kuma gyaran kan bar kuskuren 'yan mitoci, musamman a wuri mai tuddai. Dogon gini ma yakan fito a kishingiɗe idan ba daga saitin kansa aka ɗauki hoton ba. Daga nan inda nake ba zan iya yanke wanne daga cikin waɗannan ne ya sami wayarka ba. Gwajin mai sauƙi ne: ka fita fili, ka tsaya minti ɗaya ko biyu, ka ga ko ɗigon ya dawo kuma da'irar ta tsuke. Idan ya tsaya cak amma kullum a goce ta gefe ɗaya, to zargi ya koma kan hoton.

Akwai kuma wani dalili mai zurfi wanda bai cika shafar mai waya ba amma yana ba masu aikin awo ciwon kai, kuma shi ne ya haɗa wannan tambaya da ta farko. Lambobin latitud da longitud, wato digirin da ke nuna nisan wuri arewa ko kudu da kuma gabas ko yamma, ba a rubuce suke a jikin ƙasa ba. Duniya ba cikakken ƙwallo ba ce, ta ɗan kumbura a tsakiya: daga cibiyarta zuwa ikwaita kilomita 6,378 ne, zuwa ƙurya kuma 6,357. Kafin a ba wuri lamba sai an zaɓi siffar lissafi da za ta wakilci duniya, an kuma zaɓi yadda za a zaunar da ita. Wannan zaɓi shi ne tushen awo. A da kowace ƙasa takan zaɓi tushen da ya fi dacewa da yankinta. GPS kuwa yana aiki da tushe ɗaya na duniya baki ɗaya, WGS 84. Wuri ɗaya, tushe biyu, lambobi biyu daban.

Misalin da ya fi shahara yana Greenwich a Landan, inda taron ƙasashe na 1884 ya amince layin sifiri na longitud ya ratsa. Masu yawon buɗe ido na tsayawa a kan layin da aka shata a ƙasa su duba waya, sai su ga ba ta nuna sifiri ba. Sifirin GPS yana gabas da wurin da kusan mita 102. A Japan bambancin tsohon tushensu da na duniya ya haura mita 400, har suka sauya a 2002. Ita ƙasar ma ba a tsaye take ba. Ostireliya na gusawa arewa maso gabas kusan santimita 7 a shekara, abin da ya sa suka sabunta tushen awonsu, lambobi suka matsa da kusan mita 1.8. Girgizar ƙasar Japan ta 2011 ta matsar da wani yanki na gaɓar tekun ƙasar fiye da mita 5 a rana ɗaya.

Saboda haka duk wanda ya miƙo mini jerin lambobi, tambayata ta farko ita ce, a wane tushe aka auna su? Idan aka ɗauko lambobi daga tsohuwar taswira aka zuba a waya ba tare da an juya su ba, rijiya na iya faɗawa tsakiyar titi, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Sauran kurakuran da nake yawan gani na hannu ne: a musanya latitud da longitud, ko a manta alamar da ke bambanta yamma da gabas, ko a bar gurbi ba komai kwamfuta ta cike da sifiri. Wannan na ƙarshe yana jefa wurin a tsakiyar Tekun Gini, inda ikwaita ta haɗu da layin sifiri. A cikin bayanan duniya akwai tarin asibitoci da makarantu da ke zaune a wannan ruwa. Kuma yawan lambobi bayan ɗigo ba shi ne daidaito ba. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, lamba ta biyar bayan ɗigo kusan mita 1 ce. Wayar da ke kuskuren mita 5 idan ta rubuta maka lambobi takwas, na ƙarshen nan ado ne.

Wannan ne ya sa nake hana mutane shata iyakar fili da waya. Safiyo na amfani da na'urori biyu, ɗaya a kafe a wurin da aka riga aka san lambarsa, tana aika wa ɗayar gyara nan take, har a kai daidaiton santimita kaɗan. Ko shi ma, abin da doka ta amince da shi a matsayin iyaka ya danganta da ƙasar da ake ciki, kuma wannan ya wuce abin da amsa irin wannan za ta warware.

Abin da za ka yi a aji

Kada ka cire taswirar bangon. Ka samo ƙwallon duniya ka ajiye kusa da ita, don shi kaɗai ne ke kiyaye faɗi da siffa da tazara da alƙibla a lokaci guda, illarsa dai ba ya naɗuwa kuma rabi kawai ake gani. Ka ba yaron farar leda mai nuna abin da ke bayanta, ya ɗora a kan Girinlan a jikin ƙwallon ya zana gefenta, sannan ya gangaro da ledar kan Afirka ya ga gurbin da za ta cike. Idan akwai intanet, shafin The True Size Of yana yin wannan: kana jan ƙasa zuwa ikwaita tana tsukewa a gabanka. Ka ba su zare su haɗa birane biyu masu nisa a kan ƙwallon, su koma taswirar bango su nemi garuruwan da zaren ya ratsa.

Sannan ka koya musu duba ƙasan kowace taswira. Mai zane na ƙwarai yakan rubuta sunan salon da ya bi, da ma'auni, da shekarar da aka tattara bayanan, wani lokaci har da tushen awo. A taswirar duniya ta Mercator, ɗan layin ma'aunin nan da ke nuna kilomita 1,000 daidai yake a latitud ɗaya kawai, galibi a ikwaita. Ka sa su auna faɗin Girinlan da shi, su kwatanta da adadin da ke cikin littafi, su raba su ga ninki nawa ya fito.